Ilmi a Ƙirji Ko Ilmi a Aljihu?

 

Maganar da za mu tattauna a kanta wannan mako ta shiga kowane gida da ke da ɗan makaranta, tun daga cikin garin Roni har Amaryawa da Gora da Zugai, watau maganar wayar hannu da kwamfuta da sauran na'urorin da a ke cewa sun zo su sauƙaƙa karatu. Jama'a sun rabu gida biyu a kanta. Akwai masu cewa tun ranar da waya ta shiga hannun yara albarkar karatu ta tashi, saboda haka babu magani sai a raba su da ita. Akwai kuma masu cewa zamani riga ne, duk wanda ya hana ɗansa taɓa na'ura a yau kamar ya ɗaure masa ƙafa ne ya ce ya yi tsere da 'ya'yan wasu. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, amma ba za a raba gardamar ba sai an koma ga tambayar da ke ƙarƙashinta, wadda ta girmi waya da shekaru aru-aru: shin mene ne ilmi, a ina ya ke zama, kuma wace wahala ce daga cikin wahalolin nemansa ya halatta a ɗauke wa ɗalibi?

Mu mutanen masarautar Kazaure ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. A 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, gwamnatin Jihar Jigawa ta zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ta buɗe makarantar koyon ilmin kwamfuta a Kazaure, wadda jama'a suka fi sani da sunan Informatics. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a garin, sa'an nan a 2021 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a maƙwabciyarmu Babura. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta daina jarrabawarta a kan takarda, sai da kwamfuta kaɗai. Ke nan na'ura ta riga ta tsaya a bakin ƙofar jami'a, babu ɗan Roni ko ɗan Gwiwa da zai shiga sai ya bi ta gabanta. Lokacin tambayar ko za mu yarda ta zo ya wuce. Abin da ya saura shi ne mu san matsayin da za mu ajiye ta.

Wanda ya duba tarihi zai ga cewa babu wani sabon kayan karatu da ya taɓa zuwa ba tare da an yi masa irin wannan tsoro ba. Aflaton, masanin falsafar nan na Girka, ya kawo a ɗaya daga cikin littattafansa tsoron cewa rubutu kansa zai raunana hadda, ya sa mutane su zaci sun sani alhali sun ajiye ne kawai. A farkon Musulunci an fi dogara da ƙirazan mutane, har lokacin da mahaddata masu yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya ba Halifa Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu wannan nauyi. Halifa da Zaidu duka sun yi jinkiri da farko kafin zukatansu su natsu da aikin. Haka aka yi da injin ɗab'i. Sai a 1727 Sarkin Daular Usmaniyya ya ba Ibrahim Muteferrika izinin buga littattafai a Istambul, shi ma da sharaɗin kada ya taɓa littattafan addini. Amma a 1924 sai ga Misira ta fitar da Alƙur'ani bugun Alƙahira a ƙarƙashin kulawar malaman Azhar, wanda ya zama abin koyi a yawancin ƙasashen Musulmi. A nan ƙasarmu, tun a ƙarshen shekarun 1960 tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na Masallacin Sultan Bello ya fara shiga gidaje ta Rediyon Kaduna, daga baya tafsirin wasu manyan malamai ya biyo, kaset kuma ya zo ya cika kasuwanni.

To, abin lura a nan shi ne yadda magabata suka karɓi waɗannan kayayyaki. Malaman tarihin Alƙur'ani sun ambata cewa da Halifa Usman ya aika da mus'hafai zuwa manyan birane, ya haɗa kowane mus'hafi da makaranci wanda zai karantar da mutane da baki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ilmi cikin waƙoƙi da Hausa da Fulatanci domin ya yi wa matan karkara sauƙin riƙewa, amma ba ta saki waƙoƙin su yi yawo su kaɗai ba. Ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, su ne ke jagorantar 'yan taru suna fassara musu abin da waƙar ta ƙunsa. Watau a kowane zamani an karɓi sabon kayan aiki, an kuma haɗa shi da mutum mai rai wanda zai riƙe linzaminsa.

Daga nan za mu iya fitar da ma'aunin da na ke ganin zai raba mana gardama. Wahalar neman ilmi iri biyu ce. Akwai wahalar da ke kan hanyar zuwa ga ilmi, kamar nisan gari, da tsadar littafi, da rashin malami, da duhun dare. Akwai kuma wahalar da ita kanta ce karatun, kamar maimaitawa har abu ya zauna, da juya mas'ala a zuci har ta warware, da yin kuskure a gyara maka ka sake. Duk na'urar da ta ɗauke wa yaro wahala ta farko rahama ce, a gode wa Allah a kanta. Wadda ta ɗauke masa ta biyu kuwa ta cuce shi, ko da ya ga kamar ta taimake shi. Misalinsu kamar jaki ne da abinci. Jaki yana iya ɗauko maka hatsi daga gona ya hutar da wuyanka, amma babu wanda zai tauna maka tuwo ya haɗiye kai ka ƙoshi.

Bari mu fara da wahala ta farko, domin mu ba na'ura haƙƙinta. An ruwaito cewa Sahabi Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Kakanninmu kan yi watanni suna kwafar Risala da hannu daga littafin aro, kafin su sami abin da za su durƙusa da shi gaban malami. Yau ɗalibi a Yanzaki ko Dansure yana iya ɗauke da tafsirai da littattafan hadisi da ƙamusoshin Larabci a aljihunsa, waɗanda a da sai an je manyan zaurukan Kano za a gan su tare. Mu malaman Larabci mun san irin fama da a ke yi da harafin ladi, wanda harshenmu ya daɗe da mai da shi lam, har muka sami kalmomi irin su alƙali da alwala da layya da lalura. Tun da Sheikh Mahmud Halil Husari ya naɗi cikakken karatun Alƙur'ani a faifai a Misira cikin 1961, kunnen yara ya sami abin kwaikwayo wanda ba ya gajiya da maimaitawa. Matar aure da ɗawainiyar gida ta hana ta zuwa Islamiyya tana iya sauraren darasin Ahalari tana tsintar shinkafa. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, darussan rediyo ne suka riƙe wa yara da yawa a jihohin Arewa igiyar karatu. Wanda ya musanta waɗannan alherai bai yi adalci ba, rashin godiya ga ni'ima kuwa ba halin mai ilmi ba ne.

Sai wahala ta biyu. Mu dubi allo, wannan tsohon kayan aiki da wasu ke rainawa. Almajiri ya kan rubuta karatunsa da hannunsa, ya kai wa malam a gyara masa baƙi da wasali, ya zauna ya yi ta biyawa, ba kuma zai wanke ba sai ya kawo shi da ka. Hikimar allo tana cikin ƙanƙantarsa. Ba ya ɗaukar fiye da abin da yaro zai iya riƙewa, kuma dole a wanke shi kafin a ci gaba, saboda haka babu inda karatun jiya zai koma sai ƙirji. Da wannan tsari kolo ke zama titibiri, titibiri ya zama gardi, har a kai ga alaramma wanda zai rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. Waya kuwa tana ɗauke komi, ba a wanke ta, saboda haka ba ta tilasta wa zuciya ta ajiye kome.

Labarin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya dace da wannan wuri. Masu tarihinsa sun kawo cewa yana saurayi, a kan hanyar komowa daga karatu a Jurjan, 'yan fashi suka tare ayarinsu suka ƙwace kaya har da jakar takardunsa. Ya bi shugabansu yana roƙon a mayar masa da ita, yana cewa ilmin da ya sha wuya ya samo yana ciki. Ɗan fashin ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilmin da za a iya raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka bai zama nasa ba tukuna. Gazali ya ɗauki maganar a matsayin wa'azi, ya shekara uku yana haddace abin da ya rubuta. Ɗalibin yau ba ya bukatar haɗuwa da ɗan fashi, cajin wayarsa ya ƙare kawai ya isa ya nuna masa iyakar abin da ya mallaka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin ya ƙara tsanani tun ƙarshen 2022, lokacin da manhajar ChatGPT ta fito, 'yan'uwanta masu ƙirƙirarriyar basira suka biyo baya. A da yaro kan nemo amsa ya kwafa, yanzu kuwa na'ura ce ke ƙera masa amsar. Ka ba ɗalibi jimla ya yi mata li'irabi a gida, gobe ya kawo maka aiki tsaf babu kuskure, amma ka sauya kalma ɗaya a kan allo ka ce ya nuna maka fa'ili sai ya sunkuyar da kai. Masu bincike sun auna wannan. A wata makarantar sakandare a Turkiyya an gwada ɗalibai kusan 1,000 a darasin lissafi, aka fitar da sakamakon a 2024. Waɗanda aka bar su da manhajar tana ba su amsa kai tsaye sun yi fice a lokacin gwaji, amma da aka karɓe ta aka yi jarrabawa, sai makinsu ya kasa na waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari. Waɗanda aka saita musu ita ta riƙa nuna hanya kawai ba tare da faɗar amsa ba, ba su yi irin wannan faɗuwa ba. A cikin 2024 ɗin kuma Bankin Duniya ya yi wani gwaji na mako 6 a makarantun sakandare na birnin Benin a Jihar Edo, inda ɗalibai ke koyon Turanci da irin wannan manhaja bayan an tashi makaranta, malamai na tsaye a kansu suna tsara musu abin da za su tambaya, aka kuwa ga ci gaba mai yawa. Na'urar kusan iri ɗaya ce a wuraren biyu. Abin da ya bambanta shi ne wace wahalar aka bar ta ta ɗauke.

Yanzu sai maganar himma, domin babbar hujjar masu sayar da waɗannan kaya ita ce suna sa yara son karatu. A nan ya kamata mu rarrabe tsakanin ɗoki da himma. Ɗoki kamar wutar kara ya ke, ta tashi da ƙarfi ta mutu nan da nan. Himma kuwa wutar gungume ce, wadda a ke binnewa da toka da dare a tarar da ita da safe. Sabon abu ya kan kawo ɗoki, amma ba a sauke Alƙur'ani ko a ƙare Alfiyya da ɗoki. An gwada wannan a kusa da mu. Jamhuriyar Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa, da yara kimanin 800 a kewayen Yamai, aka yi ta yabon shirin a duniya, amma bai game ƙasar ba har aka daina shi a ƙarshen shekarun 1970. Ƙasar Kwaddibuwa ta kashe dukiya mai yawa a kan irinsa daga 1971, ta rufe shi a 1982 bayan iyaye da malamai sun yi ta kuka da raunin yara wajen rubutu. A 2007 aka raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta guda. Ba a yi nisa ba sai labari ya fito a jaridu cewa wasu yaran na kallon hotunan batsa da su. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan irin waɗannan kwamfutoci, amma binciken da aka yi a makarantu 319, wanda ya fito a 2012, bai ga ƙaruwa a lissafi ko harshe ba, sai 'yar ƙaruwa a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai kuma wani abu da ya raba waya da dukan kayan karatun da suka gabace ta. Allo ba ya kiran mai shi zuwa wani wuri, littafi ma haka. Waya kuwa makaranta ce da aka gina a tsakiyar kasuwa. Yaro ya buɗe ta da niyyar duba ma'anar kalma, kafin ya ankara saƙo ya shigo, waƙa ta biyo, wasan ƙwallo ya ɗauke shi, sa'a guda ta tafi. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, gama kamfanonin da suka ƙera Facebook da TikTok da ire-irensu da lokacin da mutum ya ɓata a kai su ke samun kuɗin talla, don haka sun ɗauki ƙwararru aikinsu shi ne su hana ido ɗagawa. Saboda wannan ne Faransa ta hana riƙe waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, rahoton hukumar UNESCO na 2023 kuma ya nuna cewa a lokacin kusan ƙasa ɗaya cikin kowace huɗu ta kafa irin wannan doka. Bai kamata mu masu saye mu fi su sakewa ba.

Tushen himma ta gaskiya niyya ce, shi ya sa littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda malamanmu na zaure suka daɗe suna karantarwa, ya sa babin niyya a farko-farkonsa, ya kuma keɓe babi ga girmama ilmi da ma'abutansa. Yaron da aka saba masa da cewa karatu sai da tauraro da tafi da maki a fuskar waya, ranar da ya gamu da babin gado ko babin sarfu, inda babu tafi sai haƙuri, zai ajiye. Wanda kuwa aka dasa masa cewa yana nema ne don ya san yadda zai bauta wa Ubangijinsa, ya kawar da jahilci daga kansa da iyalinsa, ya amfani garinsu, wannan zai jure, ko da na'ura ko babu.

Ina matsayin malami a cikin duk wannan? A Jihar Edo tun 2018, da wasu jihohi bayanta, an shigo da tsarin da a ke ba malamin firamare kwamfutar hannu ɗauke da darasin ranar a rubuce daki-daki, tana kuma nuna wa hukuma lokacin da ya zo da inda ya tsaya. Jigawa ma ta shiga wannan sahu da shirin JigawaUNITE a zamanin Gwamna Umar Namadi. Gaskiya ita ce inda malami ba ya zuwa aiki, ko ya zo bai shirya ba, irin wannan tsari yana toshe ɓaraka, kuma malamin da ya ci amanar aji ba shi da bakin ƙorafi don an sa masa ido. Amma kada a ɗauka karanta darasi daga na'ura shi ne iyakar malanta. Malami shi ne ke duban fuska ya gane wanda ya ce ya fahimta alhali bai fahimta ba, ya san yarinyar da ta yi shiru saboda yunwa da wadda ta yi shiru saboda kunya. Akwai manhajoji yanzu da ke sauraren mai tilawa su nuna masa kalmar da ya tsallake, wannan abu ne mai kyau ga mai tishe shi kaɗai. Sai dai ba su san ranar da ya kamata a tsawata wa yaro da ranar da ya kamata a lallashe shi ba, ba kuma a koyon kunya da tawali'u da riƙon amana daga gare su, domin waɗannan a jikin mutum a ke ganinsu a kwaikwaya.

Ga wani ƙaramin misali da ke nuna bukatar jagora. Karatun allonmu na gargajiya ruwayar Warshu ne, da rubutu irin na Magrib, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yawancin mus'hafan da ke cikin waya ruwayar Hafsu ne da rubutun Gabas, inda ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf kuwa ɗigo biyu. Yaron da ya tashi da allo aka miƙa masa waya ba bayani zai karanta fa a matsayin ƙaf, wanda ya tashi da waya kuma zai iya jin karatun alaramma ya ce ya yi kuskure. Dukan ruwayoyin biyu ingantattu ne, amma sai malami ya faɗa masa zai sani.

Mafi hatsari shi ne maganar isnadi. Addininmu an tsare shi ne da tambayar wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusuhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu. Yau kuwa saƙo ya kan zagaya WhatsApp da sunan hadisi babu mai ruwaya babu littafi, a yanko rabin maganar malami a bidiyo a jefar da rabin da ke bayyana ta, manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma an san su da ƙaga magana su jingina ta ga littafin da ba ta ciki, da lafazi mai santsi wanda ba ya nuna alamar shakka. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa cewa yawan littattafai a fanni ɗaya da yawan taƙaitawa suna hana ɗalibi samun ƙwarewa mai zama a rai. In haka ya gani a zamanin rubutun hannu, me zai ce da fatawar daƙiƙa talatin? Sakamakon da mu ke gani shi ne saurayi bai gama Iziyya ba yana yanke hukunci a kan abin da manyan malamai ke jin tsoron buɗe baki a kansa.

Akwai haƙƙi kuma a wuyan hukuma ta fuskar adalci. An wajabta jarrabawa da kwamfuta a kan kowa, hukumar WAEC ma ta fara gwada ta ga masu zana jarrabawa daga waje a 2024, amma ba kowa aka ba damar koyonta ba. Yaron ƙauye da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa, yana iya faɗuwa alhali ya san amsa, hannunsa ne kawai ke rawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kafa sharaɗi, wajibi ne ya buɗe hanyar cika shi ga talaka da mai kuɗi, da namiji da mace. Ɗaki guda mai kwamfutoci masu aiki, da wutar sola, da malami wanda ya iya kuma a ke biyansa a kan kari, ya fi tarin kwalaye da za a raba gaban 'yan jarida su ƙare a sito ƙura ta rufe su.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce mu koyi waɗannan na'urori da kyau, domin wanda bai san hanya ba ba ya yi wa wani jagora a cikinta. Mu bar su su kawo mana littafi da sauti da taswira, amma hadda da li'irabi da insha'i a yi su a gabanmu, da baki da alƙalami. Mu riƙa tambayar ɗalibi yadda ya kai ga amsa, mu kuma sanar da shi cewa miƙa aikin na'ura da sunan nasa algus ne, hukuncinsa ɗaya da na mai zuba tsakuwa a buhun gero. Ga iyaye kuwa, yaro amana ne, icce kuma tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ƙaramin yaro ba ya bukatar wayar kansa, in zai saurari karatu ya saurara a ta gida, a tsakar gida, a lokacin da aka sani. Uban da ke son ɗansa ya ajiye waya ya ɗauki littafi, shi ma ya ajiye tasa tsakanin magariba da lisha yaran su gani. Ga ɗalibai, ku gwada kanku da gwaji mai sauƙi: bayan kun gama darasi ku kife wayar, ku faɗi abin da kuka koya da ka, ko ku rubuta shi a farar takarda. Abin da ya fito shi ne naku, saura kuwa har yanzu na aljihu ne, sai a koma a sake bi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga wanda ba ya amfani, ya shirya mana zuriya, ya saka wa malamanmu da alheri, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.